Wa Ke Kwanciya Kusa da Kai In Za Ka Harba?

Lala Zarbat bai taɓa ƙera bindiga sukutum ba. A nan Darra, garin maƙeran bindiga, kowa da abin da ya gada: wani bututu yake haƙawa, wani kunama yake gyarawa, ni katakon gindi nake sassaƙawa, shi kuwa bakin bindiga ne nasa. Bango ɗaya ya raba shagona da nasa tun muna da baƙin gemu, don haka kada wani ya zo yana koya mini halinsa.

Aikinsa shi ne ya yanka tiredi, wato zaren murɗawa irin na noti, a bakin bindigar farauta, ya ɗaura mata abin da ya dace. Wanda aka fi nema shi ne birki, wani guntun ƙarfe mai huji a gefe da gefe. In an harba, iskar wutar takan fita ta hujin, sai bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa ya ragu sosai. Amma ƙarar ba ɓacewa take yi ba, gefe take komawa, ta sauka a kunnen wanda ke kusa.

Shi kansa Zarbat kurma ne, ko kusa da haka. A garinmu duk bindigar da aka gama sai an leƙo ƙofar shago an gwada ta sama, kuma a zamaninmu in ka toshe kunne da auduga dariya za a yi maka har wurin mai shayi. Haka kunnuwansa suka tafi a hankali. Ranar da matarsa Zarmina za ta cika, ta kama hannunsa ta yi magana mai tsawo. Leɓenta kawai ya ga yana motsi. Sau ɗaya ya faɗa mini wannan, bai ƙara ba, ni ma ban sake tayar masa ba don na ga yadda abin ke cin sa.

Tun daga nan ya fito da wata tambaya da ke ƙular da masu saye. Ka kawo bindiga, ba zai duba ta ba sai ya ce, da ƙarfi irin na kurame, "Wa ke kwanciya kusa da kai in za ka harba?" Wasu su amsa, wasu su ce tsufa ya taɓa shi, su wuce gaba. Na sha ce masa, "Lala, kana korar abincinka da bakinka." Sai ya yi kamar bai ji ba. Da shi ba ka taɓa sanin wanne ne na gaske.

Wata shekara da kaka Mir Afzal ya sauko daga duwatsun arewa, wani tsohon maharbin akuyar dutse da ya daɗe yana kawo mana aiki. Tare yake da abokin farautarsa Shukur Beg, wanda ke riƙe masa madubin hangen nesa. Mir Afzal ya faɗi a kan ƙanƙara bara waccan, kafaɗarsa ta dama ta ɗoru a karkace. Ya sami lasisin harbin akuya guda, ya kuma san daga wannan hawan ƙafafunsa ba za su ƙara kai shi ba.

"Birki nake so, Zarbat, mai manyan huji," in ji shi. "In ba shi, harbi ɗaya zai ɓalle mini kafaɗa."

"Wa ke kwanciya kusa da kai?"

"Kai ma dai! Wa kuwa, ban da wannan tsohon bunsurun?"

Zarbat ya juya ya dubi Shukur. "Ta wane gefe?"

"Ta hagunsa," in ji Shukur.

"Wane kunne ya rage maka?"

Shukur ya taɓa na dama. Wato wanda ke fuskantar bindigar. Na hagu ya mutu tun yana saurayi.

Zarbat ya ajiye bindigar a kan tabarma ya ce ba zai sa ba. Mir Afzal ya ce a toshe da auduga. Zarbat ya ce auduga ba ta tare wannan. Na sa baki na ce to Shukur ya ja baya mana, sai duka ukun suka kalle ni kamar na yi saɓo. Ashe inda suke kwanciya leɓen dutse ne da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, kuma idon Mir Afzal ya yi rauni, sai Shukur ya raɗa masa wace akuya ce da inda iska ta nufa.

Mir Afzal ya fita a fusace. Shukur ya tsaya, ya sa baki a kunnen Zarbat ya ce, "Sa masa, Lala. Labaransa duk na ji su, ƙarya ce rabinsu. Me ya rage da zan ji?"

Wallahi dariya ta zo mini, amma na danne ta.

Zarbat ya yi aikin, tunda mai kunnen ne ya roƙa. Da Mir Afzal ya dawo karɓa tare da Shukur, Zarbat ya riƙe bindigar bai saki ba. "An saita ta da birkin nan a kai. In ka cire shi, harsashi zai sauka wani wuri dabam. Kafaɗarka ko kunnensa, ɗaya zai biya. Ni dai na faɗa maka a gabansa."

Abin da ya faru a dutsen, Shukur ne ya ba mu labari da bazara. Sun sami akuyar, babba mai ƙaho kamar lauje, tana tsaye a sarari. Shukur ya gama raɗa, ya runtse ido yana jiran ƙarar. Shiru. Da ya buɗe, sai ya ga Mir Afzal yana murɗe birkin yana cirewa. Ya jefa shi a aljihu, ya saita, ya harba. Harsashin ya daki dutse, akuyar ta haye abinta, kafaɗar kuma ta ɓalle. A goye Shukur ya sauko da Mir Afzal, yana zaginsa tun daga sama har ƙasa.

Mir Afzal bai ƙara ɗaga hannun nan ba. Ya yi 'yan shekaru a zaure yana ba da labarin akuyar, kullum ƙahonta na ƙara tsawo. Sai ga Shukur wata rana da hantsi shi kaɗai, da birkin a ƙulle cikin hankici. Ya ce tsohon ya rasu, ya kuma bar wasiyya a maido wa Zarbat kayansa.

Muka yi addu'a. Na aika aka kawo koren shayi, ba wanda ya taɓa. Zarbat yana ta juya ƙarfen a tafin hannunsa, can ya ɗago.

"Ya yi magana kafin ya cika?"

Shukur ya gyaɗa kai. Ya ce muryar ta shige ciki, 'ya'yansa duk sun kasa ji, sai shi ya kara kunne a bakinsa.

"Ka ji?"

"Na ji, Lala. Duka na ji."

Zarbat bai tambayi me aka ce ba. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Na tashi na sauke masa ƙofar shagon, ranar ba mu ƙara aiki ba.