Gidan da Ba Shi da Rufi

A shagon da nake kai tsofaffin takardu a ɗaukar mini hotonsu, akwai wata mata da ke zama a kwamfutar ƙarshe, kusa da taga. Ba za ta wuce shekara arba'in ba. Fuskarta ba ta nuna komai, kamar ta wadda ta daɗe a layin asibiti.

Siffar gida take ginawa a cikin na'urar, mai tsawo da faɗi da zurfi, tana juya shi ta kowace fuska. Daga ƙasa zuwa mariƙin ƙofa komai ya fito sarai: dokin ƙofa, randa, har tsaguwar jikin bango. Daga nan zuwa sama kuwa sai layuka birkitattu, kamar zanen fensir da ba a gama ba.

"Hajiya, wata guda cur ba rufi?" in ji mai shagon. "Da ke magini ce, da tuni an sallame ki."

"Ina da shekara shida aka rushe shi," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Iya inda idona ya kai ke nan. Sauran, Inna ce ta sani."

Ta ɗauki wayarta, ta nemo wata lamba, ta zuba mata ido. Ina zaton mai lambar ta riga mu gidan gaskiya. A sana'ata ta binciken tarihi, inda shaida ta ƙare nan alƙalami yake tsayawa, kuma ban taɓa ganin mai kiyaye wannan ƙa'ida kamarta ba.

Ta kife wayar. Ta ja layi ɗaya inda rufin zai zauna, ta dube shi, sannan ta goge.