Birki ya nutse, na kira Hamma

Ina taka birki, ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka soso. Allah ya taimaka ba mu fita daga layinmu na Adarawo ba, ga Dada, mahaifiyarmu, a baya zan kai ta asibiti a Jimeta.

Jiya ne na sauya takalman birkin tsohuwar motar Baba da hannuna, har da tiyo ɗaya. Na leƙa ƙasa, babu inda mai ke ɗiga.

Sai na kira yayana, Hamma Buba. Tun da aiki ya kai shi Fatakwal, sai dai mu ji murya.

"In ka tattaka a jere yana yin tauri?"

"Yana yi, Hamma."

"To iska ce ta shiga, sai ka fitar da ita. Amma aikin mutum biyu ne fa. Wa zai taka maka?"

Tun muna samari ni ne a kujera, shi a ƙasa da sifana yana ihu, "Taka! Riƙe! Saki!"

A keke napep muka je asibitin. Da yamma maƙwabcinmu ya taka mini, birki ya kama. Da ya saki da wuri, na buɗe baki zan ce "kai shashasha" irin na Hamma, sai na haɗiye.

Ku ma akwai aikin da in kun ɗauka sai kun waiga neman wani?