Dabo Bahago, Wanda Aka Koyi Dambe a Jikinsa

Da an sallame sallar asuba a Gwashi, Dabo yakan ɗauki wuƙaƙensa ya nufi mahauta. Kafin hantsi ya yanka, ya feɗe, ya rataye. La'asar kuwa ta filin bayan kasuwa ce, inda 'yan dambe ke jiransa. Haka ya yi shekara ashirin da 'yan kai, har bara da ya zauna.

Ku da ba ku san dambe ba, bari in gaya muku. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare a kai duka da shi, ɗayan na kariya ne. Kusan kowa hannun dama yake naɗewa. To, Dabo bahago ne, dukansa ta inda ba a zato yake zuwa. Kuma 'yan dambe ba sa nuna wa ɗan wani gari lagonsu, ko gwaji a ɓoye suke yi. Dabo ya ƙi wannan al'ada. Ya ce wanda bai san bahago ba, in ya gamu da shi ba faɗuwa kawai zai yi ba, nakasa zai yi. Saboda haka duk wanda aka haɗa da bahago, daga Anka yake ko daga Gummi, sai ya zo Gwashi. Dabo ya tsaya masa ya ce, "Ga inda nika buɗewa in na kawo hannu. Kai min nan. Haba! Wagga ai shafa ce, ko kaza ba ta jin ta."

A kakar 1998, a Gummi, aka haɗa shi da wani Rabe, wanda ya yi wata guda yana cin tuwon gidansa yana gwaji da shi. Rabe ya kai duka daidai inda aka nuna masa. Dabo ya faɗi, idonsa na hagu bai sake gani ba. 'Yan'uwansa mahauta suka ce, "Kai ka wasa wuƙar da aka yanka ka." Ya ce, "Da bai kai nan ba, da na ji haushi. Ashe wata guda na yi a banza."

Likita a Gusau ya gargaɗe shi cewa duka ɗaya mai ƙarfi a kai zai tafi da ɗayan idon. Matarsa Atine ta ɓoye zarensa a cikin rumbu. Shekara takwas yana nuni da baki daga gefen fili.

Sai bara aka haɗa Lado, ɗan damben garinmu, da wani bahago da ya karya muƙamuƙin mutum biyu. Duk ƙasar Bukkuyum babu bahagon da za a gwada da shi. Lado ya zo ya durƙusa a zauren Dabo. Atine ta leƙo ta ce, "Lado, ka ji tsoron Allah. Ido guda garai."

"Inna, gaisuwa kawai na zo."

Dabo ya ce, "Gaisuwa da zare cikin aljihu? Tashi mu tai."

Waɗanda ke filin sun ce Lado ya riƙa sassauta hannu, Dabo na yi masa tsawa: "In ka tausaya min yau, shi ba shi tausaya maka jibi!" Ran kwana na tara dukan Lado ya sauka a gefen kan Dabo. Lado ya je ya yi dambensa, aka tashi babu kisa, wato ba wanda ya kayar da wani, ya dawo da haƙoransa cif. Kafin damina ta faɗi, Dabo ya daina bambance tsoka da kitse. Yau haske da duhu kaɗai yake rabewa.

Dabo, kai ne turmi sha duka. Kai ne wanda makaɗa ba su taɓa yi wa take ba, alhali rabin waɗanda suke wasawa a jikinka suka koya. Mun gode, Allah Ya saka maka da hasken da ba ya dushewa.

Ku kuma 'ya'yana, ban ce ku ba da idanunku ba, Atine ma ba za ta yafe mini ba. Amma abin da ka sani, nuna wa abokin gwajinka kafin a nakasa shi. In kun bi ta Gwashi, ku tsaya zauren Dabo ku gaishe shi. Ku faɗi sunanku tun daga ƙofa, don ba zai gane fuska ba.