Malam Usaini Majemi da Kekensa

A gafarce ni da na yi karambanin ɗaukar alƙalami alhali ga manya. Ban taɓa rubuta komai ba sai aikin makaranta, amma akwai abin da ya kamata a sani kafin a watse daga zaman makoki.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Usaini Lawan a shekarar 1948 a garin Jahun. Mahaifinsa Malam Lawan majemi ne, sunan mahaifiyarsa Ma'u. Ya yi karatun allo har izu ashirin, kana ya koyi jima a hannun mahaifinsa.

Aiki da iyali

A 1969 ya zo Kano, aka ɗauke shi aikin dakon ɗanyun fatu a wani kamfanin jima da ke Bompai. A 1974 ya auri Malama Zuwaira, suka zauna a Dorayi. A 1982 ya koma wani kamfanin jima da ke Challawa a matsayin mai tantance fata, kuma a shekarar ce ya sayi baƙin keken da aka san shi da shi.

Bayan ritaya

Ya yi ritaya a 2008, amma bai daina zuwa Challawa ba. Kullum bayan sallar Asuba yakan tuƙa kekensa har bakin ƙofar kamfanin, ya zauna a benci da tsofaffin abokan aikinsa, sababbin ma'aikata na kawo masa fata ya shafa ya faɗi aibinta. Idan aka tambaye shi lafiya, cewa yake yi: "Ƙafa na juyawa, ana nemana, ina cin tuwona. Me ya rage?"

A watan Fabrairun 2023 babban ɗansa, Alhaji Kamilu, wanda manaja ne a wani kamfanin roba a Sharada, ya wuce shi a mota tare da abokan aiki, tsohon yana tuƙi sharkaf da gumi. A ranar Alhaji Kamilu ya sa wa keken sarƙa da kwaɗo.

"Baba, ku huta haka nan. Ana cewa mun kasa hutar da ku. Ga mota, ga direba."

"Hutun da kake nufi, Kamilu, ai a maƙabarta ake yin sa," in ji Malam, kuma bai taɓa shiga motar ba.

Wata bakwai ya yi a zaune. Ƙafafunsa suka kumbura, ya rage cin abinci, ya daina tsokanar jikokinsa mata da kiran su amarensa. Likita ya ce a bar shi ya riƙa motsa jiki, Alhaji Kamilu ya ce zagaya tsakar gida ma motsi ne.

Wata safiya a Satumbar 2023 aka tarar da sarƙar a ƙasa, babu Malam, babu keke. Alhaji Kamilu ya zargi ƙaninsa Jamilu da sace makulli daga aljihun motarsa. Jamilu ya rantse, ba a yarda ba, suka daina gaisawa. Malam kuwa ya ƙi faɗin wanda ya buɗe. Ya ƙara wata goma sha uku yana zuwa Challawa, kumburin ya saɓe, tsokana ta dawo.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, a kan bencin nan, yana tsakiyar duba wata fatar akuya. Aka yi jana'izarsa bayan La'asar, aka binne shi a Dorayi. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Alhaji Kamilu, Jamilu, Zaituna da Ladi, da jikoki goma sha tara. Allah Ya jiƙansa.

Yau kwana uku, 'ya'yansa maza biyu suna karɓar gaisuwa a tabarma daban-daban. Jiya an ji Alhaji Kamilu yana cewa wanda ya buɗe kwaɗon shi ya kai tsohon inda ya faɗi.

Abba, ba Baba Jamilu ba ne. Ni ce, 'yarku Fiddausi. Ni na ɗauko makullin ranar da kuka aike ni ɗauko cajar wayarku a mota. Kaka bai roƙe ni ba, na dai gan shi yana goge ƙafar keken da hannun rigarsa.

Zan sa takardar nan cikin takalminku a bakin zaure. An fara jera sahun Azahar, babu mai kallon ƙofar baya. Ina gidan Gwaggo Ladi idan kun gama karantawa.