Ranar da Na Ba da Sunan Mai Injin Niƙa

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka matsa mana a yankin Batsari, aka kafa dokar tsaro. A ciki aka hana sayar da fetur a jarka ko galan, wai don kada ya isa hannunsu a daji. Aka ce kowane ƙauye ya fitar da dattawan da za su sa ido. A ƙauyenmu Wagini har da ni. Ni da ban wuce aji huɗu ba, sai ga shi ana ce mini ɗan kwamiti. Har tafiyata sai da ta canza.

Maƙwabcina shi kaɗai ke da injin niƙa a unguwarmu, injin kuwa ba ruwa yake sha ba. Da aka hana galan, sai ya riƙa hawa babur zuwa Batsari a cika masa tanki, ya dawo gida ya zura tiyo ya zuƙe man, ya ɗura wa injin. Wata rana da hantsi na same shi tsugune, tiyo a baki, yana ta tofar da yawu.

Ya ce, "Baba, ka ga yadda doka ta mai da ni? Yanzu na fi babur ɗin shan mai."

Muka yi dariya tare.

A makon nan wani babban jami'i ya zo daga gari ya tara mu 'yan kwamiti. Ya daka mana tsawa: "Duk garin nan babu ko mutum ɗaya mai kai wa 'yan bindiga mai? Ko dai da ku ake yi?" Na tsorata. Kuma, in faɗi gaskiya, ina so a ce ina aiki. Na miƙe na ce akwai mai zuwa Batsari sau biyu a rana yana tara mai a gida, na kuma faɗi sunansa. Ban yi ƙarya ba. Injin ne kawai ban ambata ba.

Washegari jami'an tsaro suka tafi da shi. Da aka sako shi yana ɗingishi, kuma suna ya riga shi isowa gida: infoma, wato ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. A wajenmu wannan suna ya fi duka ciwo, don yana iya sa a kashe mutum. Mata suka daina kai masa niƙa. A masallaci a bar masa gurbi dama da hagu. Daga ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma garin Zakka wajen kawunnansa.

Abin da ke tafasa mini zuciya har yau, wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa tambaya da me ake niƙa dawa a ƙauye ba. Su kuwa na daji ko rana ɗaya baburansu ba su tsaya don rashin mai ba. Mai injin niƙa aka kama, kuma da bakina.

Sai bayan an sassauta dokar na iya zuwa Zakka neman gafara. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Dukan na yafe, Baba. Amma sunan nan a gaban jama'a ka liƙa mini. Can za ka je ka cire shi."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallacin Wagini na faɗi komai. Na zaci za a zage ni. Sai wani tsarana ya ce, "Haba Malam, zauna. Ai duk mun san injinsa yake ɗura wa."

Duk sun sani! Sun sani ranar da aka tafi da shi, sun sani lokacin da suke janye kafaɗarsu daga tasa a sahu. Ni na yi magana don tsoro, su suka yi shiru don tsoro, kowa ya tsira da kansa.

Na aika masa cewa na cire sunan. Ya aiko da godiya. Har yau bai dawo Wagini ba, kuma ban ga laifinsa ba.