Kofin Mamman Maƙeri

Duk wanda ya san yayana Mamman Maƙeri ya san ba a miƙa mai kwano bai ƙwanƙwasa shi da zobe ba, ko a gidan suna ne. Sai ya kara kunne, ya ce, "Gwangwani!" Wallahi mun sha kunya.

Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai yaj ji a rediyo wai ƙasashen Afirka sun fara gasar ƙwallo, kofin kuma sunan wanda yab ba da shi anka sa mai. Shi ke nan, mutum ya rikice! Lokacin duk shekara muna karawa da samarin Ƙonni, can tsallaken iyaka inda Faransa ka mulki, ni ne gola.

Yac ce, "Kai Bello, ku ma ai ƙasa biyu ne. In kun ci, mi aka ba ku?"

Nic ce, "Goro."

"Tir!"

Sai yan narke tasoshin auren matatai don ya ƙera muna kofi. Tac ce, "Malam, ina tasoshina?" Yac ce, "Yi shiru, sun samu ɗaukaka." Wata biyu shina bugu, yaz zana sunanai da ajami a cikin kofin.

Ƙwallon kuwa ko kusa bai gane ta ba, kowa yac ci sai ya yi kabbara. Da 'yan Ƙonni sunka ce ai a dokar duniya wanda yac ci sau uku ya mallaki kofi, sai yar rungume abinai. "Ko sau talatin ne, aro na ba ku. Ku wanko hannu!"

Shekarar mulkin kai, masu biro a aljihu sunka kafa kwamiti. Wai gasar ƙasa da ƙasa ba ta dace da sunan maƙeri ba, sai na wani babban mutum da bai taɓa taka filin ba. Marasa kunya, wa zai goge sunan? Shi! Kuma ni anka aika, nik kai mai kofin, don kar a cire ni daga gola.

Na zaci zagi. Sai kawai yaj jawo magagarin goge ƙarfe.

"In anka ba wani, ɓata tagullar za ya yi."

Yag goge sumul, yar rubuta na wancan da kyau. Bai sake zuwa fili ba har ya rasu. Kofin an ce yana gidan babban mutumin, dabino aka zubawa ciki. Har yau abin na ci mani rai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya sa sunanka inda ba mai gogewa, ni kuma Ya yafe mani aiken nan.