Kujerar Baba da Ta Ƙi Manta Bature

Shekarun baya, ina goyon ɗan fari a cikin birnin Zariya, babu abin da ke hana ni sukuni kamar tsoron ranar da dole za ta sa in yi wa surukina magana. Tun da aka kawo ni gidan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a durƙushe, muryata ko ni ba na jin ta sosai. Ga shi yaron sunan Baba aka sa masa, don haka shi ma ba na kiran sunansa, ba na ko yi masa wasa in manya na wurin. Kullum ina saƙawa a raina: in wuta ta kama gefen rigar Baba, ba kowa a kusa sai ni fa?

To, wuta ba ta kama ba. Mota ya saya.

Bayan ya yi ritaya ne ya sayo wata doguwar mota 'yar Kwatano, mai canza giya da kanta. Baba, Allah ya jiƙansa, gajere ne, in ya zauna ciki hularsa ake fara hangowa. Kujerar direba ba a jan ta da hannu, wasu 'yan maɓallai ne a jikin ƙofa. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin motar da iska a cikinta, domin Baba yana zaune yana ɗumama inji sai kujera ta yi gurnani ta tafi da shi baya. Ga kuma wata jar fitila a allon gaban sitiyari, mai hoton mutum a zaune da igiya a ƙirji. Hajiya, surukata, ta ce ai ga mai motar nan an nuna shi a ɗaure, ta sa aka yi mata hayaƙi. Baba ya ce camfi ne, amma ya manna filasta a kan fitilar.

Ranar rigakafin yaro mijina ba ya gari, sai Baba ya ce shi zai kai mu asibiti a Wusasa. Na raɗa wa Hajiya ko mu hau tasi. Ta ce, "Je ki faɗa masa da kanki." Na ɗauki yaro na shiga mota.

Bayan Baba na zauna don kada mu haɗa ido, Hajiya na gaba. Da yake kaina a sunkuye yake, idona ya faɗa tsakanin kujerarsa da ƙofa. A nan na lura, duk sa'ad da ya naɗe hannun babbar riga ya jingina gwiwar hannu da ƙofar, kujera sai ta ɗan motsa, in ya ɗauke ta tsaya. Na gani, na mai da idona kan yaro.

Muna zuwa wajen masu hatsi Baba ya hango wani malami abokinsa. Ya rage tafiya, ya jingina sosai da ƙofa, aka shiga gaisuwa. Kun san gaisuwar dattawan birni. Ana ina gajiya, kujera ta kama hanya. Ana yaya iyali, ƙafafunsa sun rabu da birki. Mota tana rarrafe ita kaɗai ta nufi buhunan dawa, Baba ya riƙe sitiyari da kan yatsu yana ƙara danna gwiwar hannun don ya tokare, bakinsa kuma bai fasa "lafiya lau, madalla" ba. Hajiya ta rufe ido tana salati.

Ni kuwa bayan kujerar ya matse min gwiwoyi, yana kwantowa. Na ɗaga yaro zuwa ƙirjina, na ga wurin na ƙarewa. Na buɗe baki in ce Baba, wallahi kalmar ta ƙi fita. Sai na kalli jaririn, wanda ko zama bai iya ba, na ce da ƙarfi, "Kai mai sunan manya, ce wa abokinka ya ɗauke hannunsa daga ƙofa."

Hannu ya tashi. Kujera ta tsaya. Amma mota ba ta tsaya ba.

Baba bai waiwayo ba. Ya ce, "Takwara, tambayi uwarka, sai kuma me?"

"Ce masa ya tura dogon maɓallin nan gaba, wanda ke kusa da hannunsa."

Kujera ta dawo da shi a hankali kamar ba ta san ana sauri ba. Kafin ƙafarsa ta sami birki, hancin mota ya nutse cikin buhu. Mai hatsin ya leƙo ya ce, "Alhaji, ita za a auna wa ko gida za a kai?"

Hajiya ta buɗe ido ta juyo. "Ashe kina da baki."

Washegari mai gyaran wutar mota ya zo, ina jin su ta bayan zaure. Ya ce ƙananan injuna ne a ƙarƙashin kujerar, da wani ɗan akwati mai riƙe yadda mutum ya saba zama. Maɓalli na ɗaya har yanzu zaman Baturen da ya fara mallakar motar yake tunawa, kuma da alama dogo ne ƙwarai. Ya goge na Bature ya sa na Baba. Fitilar filasta kuwa, ya ce roƙo kawai take a ɗaura bel. Hajiya ta ce ita dai hayaƙinta bai tafi a banza ba.

Har Baba ya rasu ba mu yi hira kai tsaye ba. Amma daga ranar, ko yaron na barci, sai in ji daga tsakar gida, "Takwara, tambayi uwarka, wannan fitilar da ta kama ta mece ce?" In na tuna yanzu dariya nake yi.

Don Allah, duk mai sabuwar suruka a gida, ku faɗa mata tun farko cewa in ta ga abin da zai cutar, ta yi magana. Ba kowace ce za ta sami jariri a hannu ba.